Igiyar Da Ta Saki Jirgi Ranar Da Babu Iska

Mai-igiya mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe ya bar shi. Rediyon gidansa lafiyarta ƙalau ya kwance ta, don kawai ya ga inda maganar take fitowa, kuma tun daga ranar sai an mare ta take magana. Ya buɗe kwaɗon ƙofa, ya buɗe fitilar hannu, ya buɗe keken ɗinkin matarsa, wanda a dalilinsa aka yi mako guda ana gaisuwa sama-sama a gidan. Matar, wadda kowa ke kira Uwar-biyu saboda tagwayen da ta fara da su, takan ce da a ce cikin mutum na da murfi, da tuni mijinta ya leƙa nata ya rufe, noti biyu sun yi saura a hannunsa.

Wannan halin ne ya ba shi sana'a. Yana saurayi ya yi shekara goma sha ɗaya a jiragen fito, masu kai mutane da kaya ɗaya gaɓar, har ranar da gwiwarsa ta shiga tsakanin jirgi da katakon mashiga, inda fasinja ke takawa su hau. Wata huɗu ya yi a kwance. Ga mai irin halinsa kuwa kwanciya azaba ce, sai ya sa aka kawo masa wata tsohuwar igiya da aka yar, irin ta anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi a ruwa. A bakinta akwai kunne, wato madaukin da ake zura wa turke in za a ɗaure jirgi, kuma an yi shi babu ƙulli ko ɗaya, silin igiyar ne aka saƙa suka koma cikin jikinta. Ya warware sili-sili, ya mayar, ya sake warwarewa, ya sake mayarwa. Kafin ya tashi da sanda, hannunsa ya riga ya zauna.

Tun daga nan yake zaune a wata 'yar rumfar kwano a bakin ruwa, tsakanin mai gyaran inji da wurin da ake jibge jarkokin mai. Kayan aikinsa ba su cika gwangwanin madara ba: wuƙa, wani tsinken ƙarfe da yake buɗa sili da shi, laita ta ƙone bakin nailan, sai biro. Yana haɗa igiyar da ta tsinke, yana yi wa sabuwa kunne. In babu aiki sai ya addabi maƙwabcinsa da tambaya, me ya sa injin nan ke tari da safe, me ya sa hayaƙin wancan fari ne na wannan baƙi, har mai gyaran injin ya koyi juya masa baya. Tagwayen sun girma sun kama aikinsu, sun sha roƙonsa ya zauna a gida ya huta wa ƙafar nan. Yakan ce to, washegari a gan shi a rumfa kafin kowa.

Abu ɗaya ya tsana, shi ne ƙulli. In ya ga an ƙulla igiya mai kyau, ransa a ɓace yake har yamma.

"Ƙulli aikin mai gaggawa ne," yakan ce. "Ka lanƙwasa igiya, ka shaƙe ta, ka cinye rabin ƙarfinta, ran da ta tsinke ka ce ba ta da kyau."

Kuma ba cika baki ba ne. Shekara talatin ba a taɓa jin haɗinsa ya kwance ba. Igiya takan tsufa ta tsinke a tsakiya, a zo a tarar da kunnen da ya yi yana nan daram a wuyan turke.

Ba wanda ya kai ƙaninsa yawan faɗin wannan magana. Shi ne auta a ɗakinsu, kuma har yau da furfura ta cika masa gemu, ga jirage biyu a ruwa, Auta ake ce masa. Mutum ne mai saurin hawa da saurin sauka, amma in a kan yayansa ne ba ya sauka. Ka kushe jirginsa ya yi dariya. Ka ce igiyar Yaya ta yi kaza, ranar sai an riƙe shi.

Auta ne ya kawo sabuwar igiyar. Ya shigo rumfa da ita a kafaɗa, ya ajiye a cinyar yayan.

"Yaya, taɓa ka ji."

Siririya ce, launin toka, kaurinta bai fi na fensir ba, ga santsi kamar an shafa mata sabulu.

"Wannan ta shanyar kaya ce ka sayo wa matarka?"

"Mai shagon ya ce ta fi wayar ƙarfe ƙarfi. Ba ta nutsewa, ba ta ruɓewa. Sai dai ya ce ƙulli ba ya zama a jikinta, zamewa yake."

Nan fa Mai-igiya ya gyara zama. Igiyar da ba ta shiri da ƙulli, ai tasu za ta zo ɗaya.

Ba tufka ta aka yi ba kamar waɗanda ya saba da su. Saƙa ta aka yi da sili goma sha biyu, cikinta fanko kamar safa. Mai shagon ya haɗo da wani guntu na gwaji mai kunne irin na kamfani, kuma kafin Auta ya shanye shayinsa wuƙa ta shige shi. Abin da ya gani a ciki ya mantar da shi abincin rana. Bakin igiyar aka lanƙwaso aka cusa cikin fankon jikinta, ya yi tafiyar kamu ɗaya da rabi a ciki, ana rage masa sili ɗaya-ɗaya har ya ƙare siriri kamar wutsiyar ɓera. Shi ke nan. In ka ja, saƙar waje ta matse ta damƙe wutsiyar da ke ciki. In ka ƙara ja, ta ƙara damƙa. Ya yi ta ja yana dariya shi kaɗai, har mai gyaran inji ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

A wuyan kunnen akwai wani ɗan ɗinki na siririn zare, bai fi shiga shida ba. Ya tsince shi da bakin wuƙa ya hure. Zaren da bai fi na maɓallin riga ba, me zai riƙe a igiyar da za ta riƙe jirgi? Ya yanke cewa 'yan kamfani sun sa shi ne don kada abin ya motsa wajen naɗewa, ya manta da shi.

Ya lanƙwasa wayar birkin keke gida biyu, da ita yake janyo wutsiya zuwa ciki. Kwana uku yana ɓata igiya kafin hannunsa ya kama. Sannan ya gwada, don ba ya sakin aiki babu gwaji. Ya zura kunnen a turke, ƙarti shida suka ja har suka zube a kan juna. Aka ɗaura wa motar ɗaukar kaya, ta ja har turken ya fara girgiza, kunne ko gezau. Ya yi wa jiragen Auta biyu. Sauran masu jirage suka gani suka biyo layi, ya ƙara yin tara. Bayan mako uku aka yi wata iska mai ƙarfi da ruwan sama, ta tsinka igiyoyi masu kaurin damtse, amma siraran nan goma sha ɗaya ko ɗaya ba ta saki ba. Auta ya yi kwana bakwai yana ba da labari, kai ka ce shi ya ƙera igiyar.

Ranar da abin ya faru kuwa, babu iskar da za ta kaɗa ganye. Tsakar rana ce, an kashe injuna, ma'aikata sun tafi cin abinci. Ruwa ya kwanta luf, sai ɗan motsin da jirgi mai wucewa yake bari, jiragen da ke ɗaure suna ɗan matsowa suna komawa, igiyoyinsu a sake suna lilo. Wata mai sayar da ruwan sanyi ce ta fara ihu. Babban jirgin Auta ya bar mashiga shi kaɗai, ba kowa a ciki, ruwa na jan sa a hankali zuwa gada. Kafin a tayar da wani inji a bi shi, ya riga ya daki ginshiƙin gadar, goshinsa ya tsage. Ba wanda ya ji ciwo. Aka janyo shi, igiyarsa na bin sa a ruwa, miƙe sambal, babu kunne.

Bahago ne ya ɗaure jirgin. Shekara goma sha biyu yana aiki a hannun Auta, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, wanda in ka cire gaisuwa ba ya kai kalma ashirin a wuni. Kafin ya iso daga wurin abinci jama'a sun gama shari'a: Bahago ya manta bai zura kunne a turke ba, kunnen kuma farfelar jirgin da ya je ceto ce ta sare shi.

"Na rataya, Maigida," in ji Bahago.

"Ka rataya a ina? A iska?"

"A turken nan. Da hannuna."

"To haɗin Yayana ne ya kwance ke nan? Faɗi mana. Ga shi nan tsaye, faɗa a gabansa."

Bahago ya dubi Mai-igiya, ya dubi ƙasa. Wa ya isa ya faɗi wannan a mashigar nan? Auta ya ce ya ajiye masa makullin inji ya je ya nemi wani ubangidan.

Mai-igiya yana tsaye, bakin igiyar na hannunsa, kuma ya riga ya duba. Farfela in ta sari igiya takan bar ta buzu-buzu. Wannan kuwa wutsiya ce tsaf, wani sili ya fi wani tsawo daidai yadda wuƙarsa ta rage su. Ba a yanke komai ba. Wutsiyar ce ta zare daga ciki ta fito gaba ɗaya. Ya dunƙule ta a tafin hannu, bai ce uffan ba. Ya ji kunya, babu shakka. Amma ko a cikin kunyar akwai abin da ya fi cin sa: abin da ya gagari mota ya gagari guguwa, me ya zare shi a ranar da ruwa ke kwance?

Ya ce wa Auta zai tafi da igiyar ya yi mata sabon kunne, ya naɗe ta ya wuce rumfa.

Kwana uku yana neman hanyar da zai kayar da aikin hannunsa. Ya yi sabon kunne ya ja, ya riƙe. Ya jiƙa ya ja, ya riƙe. Ya shafa sabulu, ya shafa baƙin mai, ya shanya a kan kwano har igiyar ta yi zafi, ya gajarta wutsiyar da gangan. Duk dai ta riƙe. A rana ta biyu Auta ya biyo daga wurin da ake gyaran jirginsa, ya tarar da shi ya tokare ƙafar mai lafiya a turken rumfa yana ja, gumi na zuba.

"Yaya, wace irin wahala ce wannan?"

"Auta, in a ce igiyar ce ta saki fa?"

Auta ya bushe da dariya. "Ka ji ka da tausayi. Tun muna yara haka kake, in na fasa kwano kai ke cewa kai ne. Bar wa Bahago kayansa ya ɗauka."

Ya tafi yana girgiza kai. A rana ta uku Mai-igiya ya fara jin wani sauƙi mara kyau yana shigar sa. Wataƙila dai farfelar ce ta yi mata wata irin fizga. Wataƙila dai Bahago ya manta. Da zai iya tsayawa a nan da ya huta. Sai dai kullum da safe Bahago na zuwa mashiga ya zauna a gindin katanga, ko wani zai kira shi dako, kuma duk sanda Mai-igiya ya zo wucewa da sandarsa sai Bahago ya miƙe tsaye.

"Baba, an tashi lafiya? Ya ƙafar?"

Da zagin sa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Rana ta huɗu Mai-igiya bai fita ba. Yana zaune a bakin gado, Uwar-biyu na kan keke tana ɗinke bakin wani labule, kwanon abincinsa na gefe ba a ko buɗe ba.

"Malam, ko dai ka ci abincin nan, ko ka faɗa min wanda ya mutu."

Ya faɗa mata, ya nuna mata wutsiyar. Ta cire ƙafa daga kan keken.

"Subhanallahi. Kwana huɗu bawan Allah na zaune babu aiki, kai kana can kana wasa da sabulu? Tashi ka je ka faɗa wa Auta."

"Na gwada, dariya ya yi min. In ce ta kwance, ya ce ta yaya, in ce ban sani ba? Kin san shi. Zai ja igiyar a gabana ya ce, to kwance mu gani."

"Sauran igiyoyi goman fa? Mutane na hawa jiragen nan kullum."

"Su suka hana ni buɗe kwanon."

Ta ci gaba da faɗa, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Shi kuwa yana sauraro da kai a sunkuye, wani kunne da ya yi jiya na rataye a yatsansa, yana kaɗa shi bai ma sani ba, igiyar na lilo tana bugun ƙafar gado.

"Kuma ka daina kaɗa min abin nan ina magana!"

Ya daina. Ya duba. In ya gama kunne yakan sa ɗigon biro daidai inda wutsiya ta shige ciki. Ɗigon ya matso waje da kamar faɗin farce.

"Uwar-biyu, ara min bahon wankinki."

"Kai dai ba ka da lafiya."

Ya cika bahon da ruwa a tsakar gida, ya zura kunnen a wuyan famfo, ya saki igiyar a cikin ruwan. Ya kama ɗaya bakin yana kai ta yana kawo ta a hankali, babu ja, yadda jirgi ke yi a ranar da ba iska. Ya sa ido sosai. Duk sanda igiyar ta saki, saƙar sai ta ɗan buɗe. In ta fara miƙewa, wutsiyar sai ta zame kamar kaurin gashi kafin saƙar ta farga ta damƙe. Bayan awa ɗaya ɗigon ya yi nisan yatsa biyu. Kafaɗarsa ta gaji, Uwar-biyu ta karɓa tana mita, wai in maƙwabta suka leƙo me za ta ce musu, tsofaffi biyu na wanke igiya. Amma idonta na kan ɗigon, kuma da ya ce ta kawo sai ta ce ya bari tukuna. Rana ta karkata, ɗigon ya kai tafi guda. Daga nan abin ya yi sauri. Wutsiyar ta sulale ta faɗa ruwa, igiyar ta miƙe, famfo ya zauna ba komai a wuyansa.

Mai-igiya ya yi wata irin dariya har da tafi. "Kin gani? Ba ja ne ke kwance ta ba! Sai ta huta take zamewa! Ni kuma duk gwajin da na yi, ja ne!"

Sai dariyar ta yanke, don ya tuna a kan wa ya ci wannan nasara. Ya zauna a bakin bahon. A nan ne ɗan zaren da ya hure ya faɗo masa a rai. Ba jirgi aka sa shi ya riƙe ba. Aikinsa ya tsare wutsiya a wurinta a lokacin da babu mai jan igiyar.

"Kina da zare mai ƙarfi?"

Ta kawo na nailan da take ɗinka jaka da shi, da babbar allura. Ya mayar da wutsiyar, ita ta yi ɗinkin, shiga shida ta wannan gefe, shida ta wancan, ba ta matse ba.

"Shekara talatin kana kallon allurata kamar kayan wasa," ta ce, ta datse zaren da almakashi.

Washegari tun da sassafe suka kaɗa awa uku cur suna karɓa-karɓa. Ɗigon bai motsa ba.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ya gan ta sarai. Ya ɗauki allura ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya, ya ce wani ƙarin inganci ne ya gano, a yi masa godiya, a ƙara yaba shi. Auta kuma ya same shi a gida, a rufe ƙofa a yi magana. Ya juya wannan tunanin tun daga bakin ƙofa har ya hango gadar. Yana son sunansa, ba ƙarya. Ba shi da jirgi, ba shi da gwiwa, sunan nan shi ne abin da ya tara a duniya.

Ya isa mashiga an gama fiton safe, masu jirage na zaune a inuwa. Ya ce a kira Auta. Ya zura wani kunne mara ɗinki a turke, ya ce ƙarti shida su zo su ja. Suka ja suna tsokanarsa, wai Baba har yanzu bai gaji da nuna bajinta ba. Igiya ta riƙe. Ya ce su saki. Ya ɗan tura saƙar baya da babban yatsa, ya kama wuyan kunnen da yatsu biyu, ya zare wutsiyar kamar mai zare hannu daga aljihu.



"Abin da ruwa ya yi wa jirgin Auta ke nan," ya ce. "Ni na yi da yatsa yanzu, shi ya yi kaɗan-kaɗan cikin mako bakwai. Bahago ya rataya. Aikina ne ya saki. Akwai ɗinkin da ake yi a nan, na gan shi, na raina shi, na cire. Kowa ya je ya dubi ɗigon biro a igiyarsa."

Kowa ya nufi jirginsa da gudu. Uku ba su motsa ba. Sauran duk ɗigon ya fito, wani yatsa ɗaya, wani uku. Na wani mai jirgi da ke fiton 'yan makaranta kullum da safe, abin da ya rage a ciki bai kai tafin hannu ba. Mutumin ya dawo ya tsaya a gaban Mai-igiya.

"Yara talatin nake ɗauka, Baba. Da ta saki ƙafarsu ɗaya a jirgi ɗaya a katako fa?"

"Ka yi gaskiya."

"Ka yi gaskiya kawai za ka ce min?"

Mutumin ya zaro wuƙa ya datse kunnen, ya jefar a gaban Mai-igiya, ya ɗauko tsohuwar igiyarsa mai kauri ya yi mata ƙulli uku a kan juna. Wasu biyu suka yi yadda ya yi. Mai-igiya ya tsaya dogare da sanda yana kallo har suka gama, ya ji zafin abin har cikin ƙashinsa.

Auta ya matso, idonsa ya yi ja, murya ƙasa-ƙasa.

"Haba Yaya. Da ka same ni a gida mana. Me ya kai ka tsakiyar mutane?"

"A gida ka kori Bahago?"

Auta ya juya ya nufi gindin katanga, inda Bahago ke zaune, da ƙafarsa, bai aiki kowa ba. Ba a ji abin da ya faɗa ba. An dai ga ya daɗe a tsugune, an ga ya miƙa makulli.

Mai-igiya ya zauna a katakon mashiga, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya zura zare a allura, ya fara da igiyar ƙaramin jirgin Auta. Igiyar na zamewa, ɗinkin na neman hannu uku. Sai wani hannun hagu ya riƙe masa wuyan kunnen. Bahago ne ya tsuguna a gefensa.

"Ka yafe min," in ji Mai-igiya, bai ɗago ba. "Tun ranar na gani. Tana hannuna kana magana, na yi shiru."

"Na ga kana dubawa, Baba."

"To me ya hana ka ka ce a tambaye ni?"

Bahago ya gyara riƙo.

"Ranar farko na tabbata na rataya. Har zafin turken ina ji a hannuna. Rana ta biyu ma haka. Amma kowa na cewa aikinka ba ya kwancewa, ni ma kuma na san ba ya kwancewa." Ya dubi igiyar. "Jiya na tara matata da yara, na ce musu ni ne na manta. Na ba su haƙuri."

Allurar ta tsaya a tsakiyar igiya. Mai-igiya ya so ya tura ta, hannunsa ya ƙi, idonsa ya cika har ya daina ganin inda zai soka. Bahago bai saki ba, yana riƙe da igiyar yana jira.